Yadda bashin magudanar ƙazanta ya durƙusar da wata gunduma a Amurka: nazarin lamari, 1993 zuwa 2024

Gundumar da yadda ake gudanar da ita

Gundumar da wannan nazari ya shafa ita ce Jefferson, wadda ta fi kowace yawan jama'a a jihar Alabama da ke kudancin Amurka, kuma birnin Birmingham a cikinta yake. Ƙidayar shekarar 2010 ta nuna tana da mutum kimanin 658,000. A tsarin mulkin Amurka gunduma ita ce matakin da ke ƙasa da jiha, kusan abin da muke kira ƙaramar hukuma, sai dai garuruwan da ke cikinta suna da nasu magadan gari da majalisu. Ita ke kula da hanyoyi da gine-ginen kotu da gidan yari, ita ke sabunta takardun mota, a wancan lokaci tana da asibitin marasa galihu da gidan kula da tsofaffi, sannan ita ke da alhakin kwashe ruwan ƙazanta daga gidaje ta bututan ƙarƙashin ƙasa zuwa matatun da ke tace shi kafin a sake shi cikin kogi.

Kwamishinoni biyar ne ke mulkinta, kowanne an zaɓe shi daga mazaɓarsa. Har zuwa 2011 babu wani ƙwararren manaja a tsakaninsu da ma'aikata. Su ke zama su amince da kasafin kuɗi, kuma su ɗin ne ke tashi kowa ya koma ofishinsa a matsayin shugaban sassan da aka raba masa, wannan na kuɗi, wancan na hanyoyi, wancan na muhalli da magudana.

Kundin tsarin mulkin Alabama na 1901 bai ba gundumomi ikon ƙirƙiro haraji da kansu ba, sai majalisar dokokin jiha da ke Montgomery ta amince, kuma mafi yawan kuɗin da ke shigowa doka ta riga ta ƙayyade inda za a kashe su. Cin bashi kuwa bai da wannan takunkumi. Akwai wata irin takardar lamuni da ake kira waranti, wadda gunduma ke iya sayarwa ga masu zuba jari ba tare da an nemi ƙuri'ar jama'a ba, muddin kwamishinoni uku cikin biyar sun ɗaga hannu.

1993 zuwa 1996: ƙarar kogi da yarjejeniyar sulhu

Bututan gundumar sun tsufa, da yawansu sun tsattsage. Idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi sai ya kurɗa cikinsu ya cika su, matatun su kasa ɗaukar abin da ke zuwa musu, ɗanyar ƙazanta ta malala cikin rafuka da kogin Cahaba da na Black Warrior. Kogin Cahaba kuwa yana cikin wuraren da birnin ke samun ruwan sha.

A 1993 wasu mazauna yankin suka shigar da ƙara a kotun tarayya bisa dokar tsabtar ruwa ta ƙasa, wata ƙungiyar kare kogin ta mara musu baya, daga baya Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta shigo cikin shari'ar. A watan Disamba na 1996 aka cimma sulhu, kotu ta sa hannu. Gundumar ta ɗauki alkawarin gyara bututai da matatu har a daina malalar ƙazanta, ta kuma karɓi magudanun ƙananan garuruwa 21 da ke cikinta ta haɗa da nata, ba tare da an tantance ainihin halin da suke ciki ba. Ƙiyasin kuɗin aikin a lokacin ya fara daga dala miliyan 250, mafi tsadarsa kuma ya tsaya a kusan dala biliyan 1.2.

1997 zuwa 2002: aiki da hauhawar kuɗinsa

Daga 1997 gundumar ta fara sayar da waranti, kuma sharaɗin wannan bashi shi ne ba za a biya shi daga babban asusun gunduma ba, sai daga kuɗin magudana da gidaje da kamfanoni ke biya duk wata. Ana lissafa wannan kuɗi ne gwargwadon ruwan famfon da gida ya yi amfani da shi. A shekarar ne kuma aka kafa ƙa'idar da ke sa kuɗin magudana ya ƙaru da kansa duk shekara har ya isa biyan bashi, ba sai kwamishinoni sun sake kaɗa ƙuri'a ba.

Aikin ya yi ta faɗaɗa. Bayan gyaran da kotu ta wajabta, aka shiga shimfiɗa sababbin bututai zuwa wuraren da ake sa ran unguwanni za su tashi nan gaba. Mafi shahara a cikinsu shi ne wani ƙaton rami da aka fara haƙawa domin ya ratsa ta ƙarƙashin kogin Cahaba. An zuba masa gomman miliyoyin daloli, jama'a suka yi ca a kansa, aka dakatar da shi a 2002 ba tare da ya ɗauki ko digon ƙazanta ba.

Shari'o'in da suka biyo baya sun nuna yadda ake ba da kwangila a wannan lokaci. Ayyukan injiniyoyi ana raba su ne ba tare da gasar farashi ba. Aikin lulluɓe cikin tsofaffin bututai kuwa wani kwamiti na ma'aikatan gundumar ne ke tantance wanda ya cancanta, kuma kamfanoni ƙalilan ne suka tsallake. Kwamishinan da ke kula da sashen magudana, 'yan kwangila ne suka gyara masa shagonsa na ɗaukar hoto suka faɗaɗa shi, wasu ma'aikata kuma aka yi musu aikin gida ko aka ba su kuɗi hannu da hannu. A 2003 wani kamfanin injiniyoyi da gundumar ta ɗauka domin ya duba aikin ya ba da rahoton cewa babu cikakken tsari, babu isassun ƙwararru, babu kuma wata sahihiyar hanya ta sa ido kan abin da ake kashewa. Kafin wannan rahoto ya fito bashin ya riga ya doshi dala biliyan 3.

2002 zuwa 2004: sauya wa bashin fasali

Da bashi ya kai haka, lissafi ya nuna kuɗin magudana zai ci gaba da tashi sosai, abin da babu ɗan siyasar da ke son ya tsaya zaɓe da shi. Bankuna suka kawo shawarar a sauya wa bashin fasali domin a rage abin da ake biya duk shekara. Kafin sauyin, kusan dukan bashin mai tsayayyen kuɗin ruwa ne, wato an san abin da za a biya tun daga ranar farko har ta ƙarshe. Bayan sauyin, fiye da kashi 90 cikin 100 ya koma mai hawa da sauka.

Sabon tsarin yana tsaye ne a kan ƙafafu uku, kuma sai an fahimce su kafin a gane abin da ya faru a 2008. Mafi yawan takardun ana yanke musu kuɗin ruwa ne ta hanyar gwanjo da ake yi bayan 'yan kwanaki ko makonni. Idan masu saye suka yi yawa kuɗin ruwa ya sauka, idan ba a sami masu saye ba kuma sai ya yi tsalle zuwa wani babban adadi na tara. Sauran takardun, kimanin dala miliyan 850, masu su suna da damar mayar da su duk lokacin da suka ga dama, wasu bankuna kuma sun yi alkawarin karɓa, bisa sharaɗin idan suka karɓa gundumar za ta biya su cikin shekara huɗu maimakon shekaru gommai. Ƙafa ta biyu ita ce inshora: kamfanoni biyu, FGIC da XL Capital, sun tsaya wa mafi yawan bashin, kuma darajarsu ta iya biyan bashi ce ta sa masu zuba jari ke saye suna karɓar kuɗin ruwa kaɗan. Ta uku ita ce yarjejeniyar musayar kuɗin ruwa. Gundumar za ta riƙa biyan bankuna tsayayyen adadi, su kuma su riƙa biyan ta mai hawa da sauka, galibi kashi 67 cikin 100 na LIBOR, wato ma'aunin kuɗin ruwan da manyan bankuna ke ba juna bashi a kansa a lokacin, da zaton abin da za su biya ta zai yi daidai da abin da za ta biya masu takardu. Jimillar kuɗin da aka ƙulla waɗannan yarjejeniyoyi a kansa ta haura dala biliyan 5, wato ta fi bashin kansa yawa. Bankin JPMorgan ne ya fi kowa kaso a ciki.

Shugaban kwamishinoni a lokacin, wanda kuma shi ke riƙe da sashen kuɗi, shi ne Larry Langford. Kotu ta tabbatar daga baya cewa ya karɓi abin da ya kai kimanin dala 235,000 daga wani dillalin takardun lamuni na Montgomery, wasu a tsabar kuɗi, wasu an biya masa basuka, wasu kuma tufafi masu tsada da agogon Rolex. Kamfanin dillalin ya sami kimanin dala miliyan 7.1 na la'ada daga cinikin gundumar. Hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka, wato SEC, ta kuma zargi wasu manyan jami'an JPMorgan biyu da biyan fiye da dala miliyan 8 a ɓoye ga abokan wasu kwamishinoni waɗanda ba su yi wani aiki na a-zo-a-gani ba, sannan aka cusa kuɗin cikin abin da gundumar ke biya.

2008: rushewar tsarin

Shekara huɗu zuwa biyar tsarin ya yi aiki kamar yadda aka zata. A farkon 2008 rikicin bashin gidaje a Amurka ya taɓa kamfanonin inshorar nan biyu, aka rage musu daraja. Nan take masu zuba jari suka ja baya. A watan Fabrairu gwanjo ya fara tashi babu mai saye, kuɗin ruwan da ke kusa da kashi 3 cikin 100 ya haura har zuwa kashi 10 a wasu takardun. Masu takardun da ake iya mayarwa suka mayar, bankuna suka karɓa, wa'adin shekara huɗu ya fara ƙirguwa. A daidai lokacin babban bankin Amurka yana rage kuɗin ruwa, don haka abin da bankuna ke biyan gundumar a yarjejeniyar musaya ya ragu, alhali abin da take biyan masu takardu yana ƙaruwa. A ƙarshen Fabrairu aka sauke darajar bashin zuwa sahun waɗanda ba a da tabbacin biyansu.

A watan Janairun shekarar kuɗin magudana ya kai dala 7.40 a kan kowace lita kimanin 2,800, fiye da ninki huɗu na abin da ake biya kafin 1997. Ba kowa ne ke biya ba. Gidaje da yawa a unguwannin masu hali da ke bayan gari suna da sokawe nasu, ba a haɗa su da bututan gunduma ba. Tsofaffin unguwannin cikin birni, inda talakawa da baƙaƙen fata suka fi yawa, su ne ke kan bututu tun asali. 'Yan jarida sun ziyarci gidajen da aka yanke wa ruwa saboda kasa biya, mazaunansu suna sayen ruwan gora, wasu sun yi hayar bandakin tafi-da-gidanka sun ajiye a bayan gida.

A watan Disamba na 2008 kwamishinoni suka dakatar da ƙa'idar ƙarin kuɗi ta shekara-shekara, kuma ba a sake ƙara ko sisi ba sai 2013.

2008 zuwa 2011: abin da aka gwada bai yi ba

Abu na farko shi ne roƙon ɗaga ƙafa. Daga bazarar 2008 aka yi ta sa hannu kan takardun jinkirta biya, wata ta ƙare a sabunta wata, ba tare da an taɓa uwar kuɗin ba. An kawo shawarar karkatar da wani harajin ciniki da aka keɓe wa gina makarantu, majalisar jiha ba ta amince ba. Masu bin bashi suka nemi kotun tarayya ta naɗa kantoma ya karɓi magudanar, a 2009 alƙali ya ce doka ba ta ba kotun tarayya hurumin yanke kuɗin da jama'a za su biya ba. Suka koma kotun jiha, a watan Satumba na 2010 ta naɗa kantoman. A watan Yuni na 2011 ya ba da shawarar ƙarin kashi 25 cikin 100, jama'a da 'yan siyasa suka yi masa taron dangi, ƙarin bai fara aiki ba.

Ɓangaren hukunci ya fi saurin tafiya. A watan Oktoba na 2009 aka sami Langford, wanda a lokacin shi ne magajin garin Birmingham, da laifuka 60, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara 15. Gaba ɗaya mutane da kamfanoni kimanin 20 aka samu da laifi a badaƙalar magudanar, ciki har da tsofaffin kwamishinoni huɗu. A watan Nuwamba na 2009 JPMorgan ya sasanta da SEC: tarar dala miliyan 25, dala miliyan 50 ga gundumar, sannan ya yafe dala miliyan 647 da yake nema a matsayin kuɗin warware yarjejeniyar musaya. Duk da haka uwar bashin tana nan fiye da dala biliyan 3.

Ana cikin haka wata matsala ta daban ta taso a babban asusun gunduma, wanda bashin magudana bai shafe shi kai tsaye ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 gundumar ke karɓar harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 daga albashin masu aiki a cikinta. Majalisar jiha ta soke dokar a 1999, aka ci gaba da karɓa ana shari'a, har kotu ta tabbatar da sokewar a 2009. A watan Agustan shekarar aka tura ma'aikata kimanin 1,000 hutu ba albashi, aka rufe ƙananan ofisoshin da ke unguwanni. Mai son sabunta takardun motarsa sai ya yi sammako zuwa babban ofishin cikin gari, wasu da kujerun naɗewa, layi ya fito daga cikin gini ya zagaye shi, a shafe awanni kafin a kai ga kanta. Majalisa ta yi zaman gaggawa ta kafa sabon haraji, amma a watan Maris na 2011 Kotun Ƙolin Alabama ta rushe shi saboda ba a sanar da jama'a ƙudurin yadda doka ta tanada ba. Da wannan hukunci gundumar ta rasa kusan dala miliyan 70 a shekara, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na babban asusunta. 'Yan majalisar jiha da ke wakiltar yankin suka kasa haɗa kai kan madadinsa. A ranar 27 ga Afrilu kuma wata mummunar guguwa ta ratsa gundumar ta rushe unguwanni.

Sababbin kwamishinonin da aka zaɓa a watan Nuwamba na 2010 sun yi yunƙuri na ƙarshe. A watan Satumba na 2011 suka amince da wani daftarin sulhu: masu bin bashi su yafe kimanin dala biliyan 1.1, a ƙara kuɗin magudana da kusan kashi 8 cikin 100 shekara uku a jere, majalisar jiha kuma ta kafa wata hukuma mai zaman kanta da za ta ɗauki sabon bashin. Aka zo rubuta cikakkun sharuɗɗa sai aka sami giɓin kimanin dala miliyan 140 da babu wanda ya yarda ya ɗauka, majalisar kuma ba ta zauna ba.

2011 zuwa 2013: gaban kotun karayar arziki

A ranar 9 ga Nuwamba, 2011, kwamishinoni huɗu suka amince, ɗaya ya ƙi, aka shigar da takardar neman kariya ƙarƙashin Babi na 9 na dokar karayar arziki, wanda aka keɓe wa ƙananan hukumomi. Jimillar bashin ta kai kimanin dala biliyan 4.2, fiye da biliyan 3.1 na magudana ne. Babu wata ƙaramar hukuma a Amurka da ta taɓa shiga kotu da bashi mai yawan haka, sai da birnin Detroit ya wuce ta a watan Yuli na 2013.

Masu bin bashi suka ce gundumar ba ta ma cancanci kariyar ba, domin dokar jihar ta ambaci masu wata irin takardar lamuni ce, ita kuwa waranti ta sayar. Alƙali Thomas Bennett ya yi watsi da wannan hujja a watan Maris na 2012. Ya dakatar da ikon kantoman, magudana ta koma hannun gunduma, amma ya kuma hana ta cire kuɗin lauyoyi da ajiyar manyan ayyuka daga kuɗin magudana kafin ta biya masu takardu. Kowane ɓangare ya ci wani abu ya rasa wani, kuma wannan ya tura su teburin sulhu.

A ɓangaren babban asusu, kotu ba ta da ikon kafa haraji, don haka yanka kawai aka yi. An rage kasafin da kusan kashi ɗaya cikin uku, aka sallami ɗaruruwan ma'aikata, aka sayar da gidan kula da tsofaffi. A ƙarshen 2012 asibitin marasa galihu ya daina kwantar da majiyyata, ya koma duba marasa lafiya su tafi gida. A wannan lokaci ne kuma manajan gunduma na farko, wanda dokar jiha ta wajabta ɗauka kuma ya kama aiki a 2011, ya karɓi ragamar sassan daga hannun kwamishinoni.

Kotu ta amince da tsarin fita a watan Nuwamba na 2013, ya fara aiki ranar 3 ga Disamba. Masu bin bashin magudana suka yafe kimanin dala biliyan 1.4, JPMorgan shi kaɗai ya bar dala miliyan 842. Gundumar ta sayar da sababbin takardu na kusan dala biliyan 1.8 masu tsayayyen kuɗin ruwa ta biya ragowar. Aka tsara ƙarin kuɗin magudana na kashi 7.89 cikin 100 duk shekara na shekara huɗu, daga nan kashi 3.49 duk shekara, aka kuma bar wa kotun ikon tilasta wannan ƙari har zuwa 2053. Wani ɓangare na sabon bashin an jinkirta biyan kuɗin ruwansa, yana taruwa a kan uwar kuɗi, shi ya sa abin da za a biya cikin shekara 40 ya haura dala biliyan 6.

2014 zuwa 2024

Wasu masu biyan kuɗin magudana sun ɗaukaka ƙara, suna cewa bai halatta a ɗaure hannun kwamishinonin da ba a ma zaɓa ba tukuna na tsawon shekara 40. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce bakin alƙalami ya bushe, tunda an riga an sayar da takardun kuma kuɗi sun sauya hannu.

Babban asusu ya ɗan farfaɗo bayan majalisar jiha ta yi doka a 2015, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 2017, wadda ta ba da damar sabunta bashin makarantu a saki kimanin dala miliyan 36 a shekara ga ayyukan yau da kullum. A watan Janairu na 2024, bayan cikar shekara goma da sharuɗɗa suka gindaya, gundumar ta sayar da takardu na kimanin dala biliyan 2.2 da kuɗin ruwa mai sauƙi ta fanshi na 2013. An ƙiyasta ragin da aka samu ya haura dala biliyan 1, kuma ikon kotu a kan kuɗin magudana ya ƙare.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganina cin hancin, duk da muninsa, bai isa ya bayyana wannan asara ba. Dala 235,000 aka ba mutum ɗaya, aka ɗora wa jama'a haɗarin biliyoyi, kuma hakan ya yiwu ne saboda babu kowa a tsakanin sa hannunsa da kuɗin. Babu ƙuri'ar jama'a, babu amincewar jiha, babu ma'aikacin kuɗi mai ilimi da ikon da zai ce a dakata. Kwamishinan da ke shugabantar sashe ba zai binciki kansa ba, takwarorinsa kuma kowa yana da nasa sashen da ba ya son a taɓa. Rahoton 2003 ya faɗi gaskiya, amma ya zo bayan an kashe kuɗin, kuma a daidai lokacin ana ƙulla yarjejeniyoyin da suka fi aikin ginin haɗari.

Sauyin 2002 zuwa 2004 bai rage bashin da ko dala ɗaya ba. Ya ɓoye tsadarsa ne na 'yan shekaru, ya ɗaura rayuwar gundumar a kan darajar kamfanonin inshora biyu da kasuwar gwanjo da ba ta da iko a kansu. Haka nan jinkirin biya da naɗin kantoma da daftarin 2011 duk sun gaza ne saboda dalili guda: kuɗin magudanar da jama'ar wurin za su iya biya bai isa ɗaukar dala biliyan 3 ba, kuma babu wanda ke da ikon tilasta wa dukan masu bin bashi su rage a lokaci ɗaya. Kotun karayar arziki ce kaɗai ke da wannan iko, shi ya sa abin da aka kasa cikin kusan shekara huɗu na tattaunawa ya kammala cikin shekara biyu. Hukunce-hukuncen cin hanci da sasantawar SEC sun taimaka a nan fiye da yadda suka taimaka a 2009, domin su ne suka sa banki ɗaya ya ɗauki mafi girman kaso na asarar. Ragin 2024 kuwa ya samu ne saboda shekara goma na biya a kan kari, da tsayayyen kuɗin ruwa, da gudanarwa a hannun manajan da ba ya tsayawa zaɓe.

Majalisar jiha tana da nata alhakin, kuma ina ganin ba a cika faɗarsa yadda ya kamata ba. Ta bar gundumar ta ci bashi son ranta, amma da ta rasa kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ayyukanta saboda kuskuren da majalisar ce da kanta ta yi wajen sanar da ƙuduri, sai ta ƙi ba ta madadi. Rufe ofisoshi da dogayen layuka da sallamar ma'aikata daga nan suka fito, ba daga bashin magudana ba, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su wuri guda.

Abin da ya fi damuna shi ne inda nauyin ya sauka. Tsabtar kogin Cahaba amfanin kowa ce a gundumar, har da masu sokawe a bayan gari da ke shan ruwansa, amma biyan kuɗin gyaran an bar wa waɗanda ke kan bututu, kuma da yawansu su ne mafi ƙarancin samu. Tsarin 2013 bai gyara wannan ba, sabuntawar 2024 ma ba ta dakatar da ƙarin shekara-shekara ba. Harajin albashin bai dawo ba, asibitin marasa galihu kuma bai sake buɗe ɗakunan kwanciya ba tun da aka rufe su a ƙarshen 2012.